Kujerar Marigayi Polikarpos

Tashar jiragen ruwan garinmu Skaliani ƙarama ce. Mutum yana iya tsayawa a wannan gefe ya zagi wani a wancan, kuma ya ji amsa ba tare da kowa ya ɗaga murya sosai ba. A bakin ruwan, ƙofar gidan abincin Froso, akwai wani tebur mai kujeru biyar a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya. Baƙin da ke zuwa cin kifi daga Atina da ƙasashen waje suna iya zama duk inda suka ga dama, har a kan tsohuwar igwar da mutanen Venis suka bari, wadda aka dasa a ƙasa ana ɗaure jirage a jikinta. Amma wannan tebur na kyaftin-kyaftin ne. Ƙa'idarsa ɗaya ce tun zamanin kakanni: ba mai zama sai wanda ya taɓa shigo da jirgi cikin tashar da baya-baya, da fasinja a ciki, ya ɗaure shi a jikin igwar, jama'a suna kallo.

Kyaftin Polikarpos ya rasu bayan Ista, kujera ɗaya ta rasa mai ita. Washegarin addu'ar arba'in sai ga Menelaos, ƙanin Froso, ya fito da farar hula mai hoton anka a goshi, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ya nufi teburin yana tafiyar nan ta buɗe ƙafafu irin ta wanda ya saba da tangaɗin jirgi.

Menelaos yakan ce shekara talatin da ɗaya ya yi a harkar teku, kuma ba ƙarya yake yi ba. Duk ya yi su ne a tagar sayar da tikiti ta wani kamfanin jiragen fasinja a Pireyas. Tagar ma titi take kallo, tekun yana bayan ginin. Da ya yi ritaya kamfanin ya bar masa hular, shi kuma ya sayo usur da kansa.

"Ina kwananku, abokan aiki," in ji shi, ya kama bayan kujerar.

Barba Zisis, dattijon teburin, mai shekara tamanin da huɗu, ya ɗaga sandarsa ya kwantar a kan kujerar.

"Da mutum a kai."

"Wa?"

"Sandata."

Kyaftin Argiris ya ajiye kofin kofinsa. Shi da Menelaos tare suka shiga firamare, kuma tun daga ranar ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da ƙarfe nawa ne.

"Menelaos, tuna mana, jirgi nawa ka tuƙa?"

"Jirage goma sha ɗaya ne ba sa tashi sai na ce an gama. Ƙaraminsu yana haɗiye mota ɗari biyu. Irin naka kuwa, rataye su muke yi a gefe don ado."

"Duk mun ji. Ka taɓa jiƙewa?"

"Sau ɗaya," in ji Froso daga ƙofar kicin. "Rufin ofis ya yi yoyo."

"Yaya, maganar maza ake yi."

"Na gani. Ɗaga ƙafarka zan share."

Barba Zisis ya maimaita ƙa'idar a hankali, kamar yadda ake karanta wa yaro adireshin gidansu. Menelaos ya yi dariya, ya ce abin da ake ta kuri a kai ke nan? A ƙarshen Agusta ake bikin waliyyin da ɗan cocinsa ke kan dutsen nan da ke wajen bakin tashar. Kowace shekara kyaftin ɗaya ke kai Papa-Gerasimos, limamin cocin garin, ya dawo da shi da rana tsaka tare da hoton waliyyin, bayan sauran jirage sun gama dawo da masu ibada. Marigayi Polikarpos ne ke yi. Bana, in ji Menelaos, shi zai yi, a cikin tsohon jirgin katakon babansu.

"Amma da sharaɗi," ya ƙara, ya ɗaga yatsa. "Ba na son shawarar kowa. Ko tari kada wani ya yi mini."

A Skaliani ba a taɓa samun wanda ya ga jirgi yana shigowa ya iya riƙe bakinsa ba. An taɓa ganin mutum ya taso daga kujerar aski da kumfa a rabin fuska don kawai ya gaya wa wani baƙo ya saki sarƙa.

"Mun ji," in ji Barba Zisis. "Kujerar tana nan."

Menelaos ya shiga shiri. Kowace safiya, kafin a buɗe gidan abincin, sai ya jera kujeru a matsayin jirage, ya riƙa ratsawa tsakaninsu da baya-baya yana hura usur, kuma bai taɓa bugun ko ɗaya ba sai sau biyu. Ya sa aka ɗinka masa farin wando. Ya samo kwali ya rubuta da harsuna uku cewa ran Lahadi da ƙarfe ɗaya Kyaftin Menelaos zai shigo, ya rataye a jikin bishiya. Ya kuma matsa wa Froso ta tura teburanta har bakin dutsen gaɓa, don kada baƙi su rasa komai.

"Meni, abu biyu zan gaya maka game da jirgin Baba," in ji ta, tana yanka tumatir. "Na farko, in yana baya..."

"Yaya, ke da tukunya, ni da teku."

"To," in ji Froso, ta ci gaba da yanka.

Abu biyun nan babu wanda bai san su ba a garin. Na farko, jirgin in aka sa shi baya, janyewa hagu yake yi, tun ranar da aka sa masa inji. Na biyu, ƙasan tashar rabe yake kamar gonakin gado. Kowane jirgi yana jefa ankarsa a tsakiya, ya ja da baya zuwa gaɓa, sarƙarsa tana kwance a ƙasan ruwa a nata layin. Layin jirgin babansu shi ne inda za ka ga hasumiyar coci ta hau daidai kan shuɗiyar ƙofar gidan burodi. In ka jefa kafin nan, sarƙarka ba za ta kai gaɓa ba. In ka kauce, ka hau ta maƙwabci.

Ran Lahadi tafiya ta yi kyau, domin gaba kawai ake yi, kuma teku na da faɗi. A can dutsen ma mata uku suka cafke igiya tun kafin Menelaos ya gama tunanin inda zai jefa ta.

Kafin ƙarfe ɗaya bakin ruwa ya cika maƙil. Wata motar safa ta kawo tsofaffin malaman makaranta daga Atina, suka cika tebur huɗu a ƙarƙashin rumfar Froso. Wani Bajamushe da ya kwana uku a tashar da farin jirginsa na shaƙatawa yana kwance a kan jirgin yana karatu, matarsa kuma tana gaɓa tana zaɓen kankana. Ƙamshin gasasshen kifin sardin ya cika wurin. A jikin sandar rumfar an ja igiya, an shanya dabbobin tekun nan masu hannu takwas guda goma sha biyu suna bushewa a rana. Kyaftin huɗu suna teburinsu, sandar Barba Zisis tana kan kujera ta biyar.

Aka ji usur sau uku daga bakin tashar. Jirgin ya bayyana, Menelaos a baya yana riƙe da sandar tuƙi, Papa-Gerasimos a goshi da baƙar rigarsa, hoton waliyyi a naɗe cikin farin zane a kan matashi.

"Papa, kama anka. In na ce saki, ka saki."

"Ɗana, ubana masunci ne. Ka bari hasumiya ta..."

"Papa, in ka ce a tashi tsaye a coci, ina tambayarka dalili?"

"Ai ba ka zuwa."

A gaskiya Menelaos ya yi niyyar ƙara matsowa. Shi ma ya ga da sauran nisa. Amma a daidai lokacin Kyaftin Argiris, wanda ya yi minti guda cur yana cizon leɓe, ya miƙe tsaye.

"Ba yanzu ba! Ƙara matsowa!"

"Saki!" in ji Menelaos.

Liman ya ɗaga ido sama, ya saki. Sarƙa ta zuba cikin ruwa. Menelaos ya juya jirgin, ya sa shi baya, jirgin kuwa ya kama hanyarsa ta hagu kamar jakin da ya san gida.

"Dama! Ba shi dama!" in ji Argiris.

Menelaos ya ƙara masa hagu. Jirgin ya ratsa ta gaban jirage uku a karkace, yana nufar wurin da ake sayar da ƙanƙara, sai sarƙa ta ƙare. Ya tsaya cak, taku goma tsakaninsa da gaɓa. Papa-Gerasimos ya zauna daɓas a kan tarin igiya. Hular Menelaos ta gangaro ta rufe masa ido.

Wata daga cikin malaman ta rage saurin maficinta, ta leƙo wajen Barba Zisis.

"Baba, sun iso ke nan?"

"Sun kusa, 'yata."

Menelaos ya gyara hula, ya ƙame, ya sara wa jama'a.

"Gaisuwa ce wannan! Haka manyan jirage ke yi. A tsaya daga nesa a gai da gari."

"Gari ya amsa," in ji Froso, da faranti uku a hannu. "Ƙaraso, kifin Papa yana hucewa."

Ya ƙara wuta. Injin ya yi gurnani, hayaƙi ya turnuƙe, jirgin bai ƙara ko taƙi ɗaya ba. Menelaos ya sanar cewa yanzu za a shiga kashi na biyu, ya umarci liman ya ɗago anka. Papa-Gerasimos ya naɗe hannun riga ya kama ƙarfen juyawa.

"Ɗana, ta yi nauyi fiye da ɗazu."

"Sa ƙarfi, Papa, ai an gama azumi."

Da ankar ta leƙo, sai ga wata sarƙa sabuwa fil tana rataye a bakinta, tana ƙyalli. Duk Skaliani babu mai sabuwar sarƙa. Kowa ya juya ya kalli farin jirgin Bajamushe.

Bajamushen bai san me ake ciki ba sai da ya ji jirginsa ya fara gogar dutse. Ya yar da littafi, ya kwance igiyoyin baya da sauri don ya tsere wa gaɓa. Katakon da ake takawa a shiga jirgin ya faɗa ruwa. Matarsa ta iso a guje, ta tsaya a bakin dutse rungume da kankana, tana kallon gidanta yana tafiya. Shi kuwa mijin bai je ko'ina ba, domin sarƙarsa tana hannun limamin gari. Ya dafa ƙarfen jirgi ya zuba wa Menelaos magana mai tsawo da harshensu.

Menelaos ya sha faɗa cewa yana jin Jamusanci. Ya gyara murya, ya mayar masa da duk abin da ya sani a harshen, wato: "Zuwa kawai, ko zuwa da dawowa?"

Bajamushen ya zauna.

"Tsaya cik!" in ji Argiris, yanzu yana kan igwa a tsaye. "Kada ka motsa! Kowa ya tsaya inda yake!"

Menelaos ya sa gaba. Jirgin katako ya fara zagaye tsakiyar tashar, farin jirgi yana biye da shi, ankar Bajamushe tana jan ƙasa a bayansu tana neman abin kamawa. A zagaye na biyu ta samu. Wani shuɗin jirgin kamun kifi ya girgiza a wurinsa, tsohuwar igiyar da ke riƙe da shi ta tsinke, ya fito a natse ya shiga layi. Ba kowa a cikinsa sai taru da wata kyanwa mai ido ɗaya, wadda ta ɗaga kai ta duba, ta koma barci.

"Jirgina!" in ji Argiris.

"Ka gani?" Menelaos ya ɗaga murya yana wucewa. "Ko jirginka ya san wanda ya kamata a bi!"

Daga nan sharaɗin da aka yi ya rushe gaba ɗaya. Mai gidan burodi ya fito da gari har gira yana cewa a yi baya. Wanzami ya ce a yi gaba. Matar mai sayar da ƙanƙara ta leƙo ta tagar bene tana nuna hagu da tawul. Wasu 'yan Italiya da ba su san kowa ba suka miƙe suna ba da tasu gudummawar da hannu bibbiyu. Malaman Atina suka rabu gida biyu. Wani tsohon malamin lissafi a cikinsu ya ture kwanon zaitun, ya zana tashar a kan takardar da ke shimfiɗe a tebur, ya tabbatar da hujja cewa abin da ke faruwa ba zai yiwu ba. Masu cin abinci duk sun juya kujerunsu sun fuskanci ruwa. Froso ba ta taɓa sayar da sardin da sauri irin na ranar ba, don mutane suna ci ba su ma san suna ci ba.

Barba Zisis kaɗai ne bai ba da shawara ba. Ya nemi a ƙaro masa burodi.

"Ɗana," in ji liman, wanda ya riga ya ɗauki hoton waliyyi ya rungume, "wannan kashi na nawa ne?"

"Na uku, Papa. Shi ne na ƙarshe."

"Haka nake tsoro."

A zagaye na huɗu bayan jirgin ya zo kusa da gaɓa fiye da kowane lokaci. Menelaos ya ga igwa, ya ga kujerar da sanda ke kai, ya ga dama ta samu. Ya saki sandar tuƙi, ya ɗauki igiya, ya wulwula ta sau uku a sama kamar yadda ya sha gani ta ƙofar bayan ofis, ya jefa. Igiyar ta wuce igwa da nisa, ta sauka a teburin malamai, a tsakiyar kwanon tumatir da cuku.

Malamin lissafi mutum ne mai son taimako. Ya ɗauki igiyar, ya share mata man zaitun da adiko, ya duba abin da ya fi kusa da shi mai tsayi, ya ga sandar rumfa. Ya ɗaure ta a nan. An yi ta maganar ƙullin daga baya. Kowa ya yarda ƙulli ne mai kyau.

"An ɗaure!" in ji malamin.

"An ɗaure!" in ji Menelaos, wanda hayaƙi ya hana shi ganin inda aka ɗaure.

Argiris ya sauko daga kan igwa. Muryarsa ta dushe, ya haɗa hannu biyu kamar mai roƙo.

"Menelaos. Don girman iyayenmu. Don ajin da muka zauna tare. Kada ka yi gaba."

A nan, a faɗi gaskiya, Menelaos ya ɗan tsaya. Ya kalli Argiris, ya ga idonsa har da ƙwalla. Ya yi tunanin wataƙila sau ɗaya a rayuwa mutumin nan yana da gaskiya. Sai kuma ya tuna mutum ɗari biyu ne za su ga ya bi maganarsa.

Ya yi gaba.

Sandar ta fara tafiya, sai rumfar ta bi ta gaba ɗaya, a hankali, kamar ana janye mayafi daga gado. Mutanen gari suka ɗaga farantansu sama ba tare da sun daina tauna ba. Malaman Atina ba su san wannan ba, sai rumfar ta share biyu daga cikin teburansu har da gilashin mai mafici. Igiyar masu hannu takwas ta bi baya, duk goma sha biyun suka koma inda aka kamo su, ɗaya bayan ɗaya, a jere. Rana ta sauko a kan kowa.

Menelaos ya ja wani ƙarfe don ya tsayar da jirgin, injin ya mutu. Tashar ta yi tsit. Jirage uku da rumfa ɗaya suna lilo a tsakiyar ruwa. Ba a jin komai sai Papa-Gerasimos yana rera wata addu'a ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa matafiya.

Froso ta fito ta tsaya a inda rumfarta take ɗazu. Ta kalli ramin sandar, ta kalli sama. Ta ajiye faranti, ta kwance ƙyallen da ke ƙugunta, ta ninke shi huɗu, ta miƙa wa matar Bajamushe, wadda ta karɓa ta ɗora a kan kankana. Sannan ta sauka matakalar dutse, ta shiga ɗan kwalekwalen mai burodi, ta kama filafilai.

Shekarunta sittin da shida. Lokacin da babansu ya sa ɗansa namiji a makaranta don ya zama babban mutum, 'yar ce ya ɗauka zuwa teku, tun tana shekara tara har ta yi aure. Ta shigo da jirgin nan ya fi sau dubu. Amma da sassafe suke dawowa, kuma tsohon yana tsaye a goshi, saboda haka kullum shi ake cewa ya shigo.

Ta hau jirgin ba ta nemi hannun kowa ba.

"Matsa."

"Yaya, ina tsakiyar wani tsari ne. In kika katse shi yanzu..."

"Matsa, Meni."

Ya matsa. Ta kwance igiyar rumfa ta danƙa masa.

"Riƙe wannan. Kada ka yi komai da ita."

Ta je goshi, ta zura wata gajeruwar igiya ta ƙarƙashin sabuwar sarƙar, ta ce liman ya sassauta anka kaɗan. Ankar ta zame ta fita, ta saki igiyar, sarƙar Bajamushe ta koma ruwa. Ta yi masa nuni da hannu sau biyu, ya fahimta sarai, ya ɗago tasa, ta kai kwalekwale ta raba shi da sarƙar Argiris. Shuɗin jirgin kuwa ƙafa ta sa ta tunkuɗa shi, ya tafi da kansa har gaɓa, mai shi ya cafke. Ta dawo ta doki injin da tafin hannu a wani wuri da ita kaɗai ta sani, ya tashi. Ta fita har bakin tashar, ta juyo, rumfa tana biye da su a hannun Menelaos.

Argiris ya buɗe baki. Daga nesa Froso ta dube shi. Ya rufe.

"Yanzu, Papa," in ji ta, da hasumiya ta hau kan shuɗiyar ƙofa.

Jirgin ya taho da baya a miƙe, ya so ya yi hagu, ta ba shi amsa tun kafin ya gama tambaya. Taku ɗaya kafin dutse ya tsaya. Daga zaune ta jefa igiya, ta faɗa wuyan igwa. Babu wanda ya ba da shawara ko guda. Wanzami ya ce daga baya abin ya tsaya masa a maƙogwaro har kwana biyu.

Menelaos ne ya fara tsallakowa gaɓa. Ya miƙa wa malamin lissafi igiyar rumfa, ya gyara hula, ya nufi teburin kai tsaye, farin wandonsa baƙi ƙirin da man inji.

"Barba Zisis, a bi ƙa'ida. Jirgi ya shigo da baya?"

"Ya shigo."

"Da fasinja?"

"Ga shi can yana sumbatar ƙasa."

"An ɗaure a igwa, jama'a na kallo?"

"Ba a taɓa samun jama'a irin ta yau ba."

"To wa ke sanye da hula a cikin jirgin? Kyaftin ba ya taɓa komai da hannunsa. Ma'aikata gare shi. Na ba da umarni, an aiwatar."

Barba Zisis ya goge bakinsa, ya kira liman.

"Papa, kai kana ciki. Me Menelaos ya yi a shigowar nan ta ƙarshe?"

Papa-Gerasimos ya yi tunani, don mutum ne da ba ya son ya rage wa kowa haƙƙinsa.

"Ya riƙe igiya," ya ce. "Kuma ya riƙe ta da kyau."

Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauke sandarsa daga kan kujera, ya juya wajen Froso, wadda ke hawowa tana matse gefen siket.

"Kyaftin Froso. Bismillah, ga wurinki."

"Barba, mace?" in ji Argiris.

"Ƙa'ida ta ce wanda ya shigo da jirgi. Naka ma yau da ƙafa ta shigo da shi. Yi shiru, kada mu waiwayi taka kujerar."

"Ina da kifi a kan wuta," in ji Froso.

"Ya ƙone tun ɗazu, 'yata. Zauna."

Ta dubi kujerar. Shekara arba'in tana goge ta kowace safiya. Ta zauna a hankali, a bakin-baki da farko, sannan ta jingina. Ta cire jiƙaƙƙun takalmanta ta ajiye a rana, ta miƙe ƙafa. Babu wanda ya taɓa ganinta a zaune da rana, har matar bene ta kira mijinta ya zo ya gani.

Menelaos yana tsaye a gefe. Ya duba ko akwai kujera ta shida, babu.

"Barba, ƙanin kyaftin fa? A manyan kamfanoni ana ba dangi wani matsayi."

"A nan ma ana ba su," in ji Barba Zisis. "Su ke kawo kofi."

"Sukari kaɗan, Meni," in ji Froso, idonta a lumshe. "Da ruwan sanyi. Ka tambayi baƙin nan ma abin da za su sha, ka kai musu lema."

Menelaos ya juya ya shiga kicin. An ji faɗuwar abu biyu, da wata ƙara mai kama da ta murfin tukunya tana gangarawa. Can ya fito da faranti a hannu biyu, yana takowa a hankali, harshe a tsakanin haƙora. Da ya iso teburin, rabin kofin yana cikin kofi, rabi yana yawo a faranti.

Froso ta buɗe ido ta duba.

"Ba ni ba ne, Yaya, ƙasa ce ke lilo," in ji Menelaos. "Haka take yi wa duk wanda ya daɗe a teku."